Kalmar "Taboo": Abin da Ta Zubar a Hanya Tsakanin Tonga da Ingila

Duk wanda ya taɓa zama a teburin fassarar labarai, ko aka ba shi takardar wayar da kai ta wata ƙungiyar lafiya ya mayar da ita Hausa, ya san kalmar nan ta Turanci, "taboo". Faransanci ma ya are ta, yana rubuta ta "tabou", don haka masu fassara na Yamai da Maraɗi da Damagaram su ma suna fama da ita. Rahoto zai ce zancen haila taboo ne a wajenmu, zancen tazarar haihuwa taboo ne, haka taɓin hankali, haka fyaɗe, haka mace ta ambaci sunan mijinta. Mai fassara ga lokacin labarai ya ƙarato, sai ya cafki kalmar da ta fi kusa da hannunsa: yau ya ce haramun, gobe ya ce camfi, jibi ya ce abin kunya. A ganina babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauki wannan kaya, kuma bai kamata mu ƙirƙiro ta ba. Ita kanta kalmar Turancin buhu ce da aka cusa wa gero da dawa da tsakuwa, kuma tarihinta yana nuna lokacin da aka yi cusawar.

Kunnen Bahaushe zai ji ta kamar tabo, ko taɓo, ko taɓu, amma ba su haɗa kaka ba. Ba ta kuma fito daga Latin ko Girkanci ba kamar yawancin manyan kalmomin Turanci. Daga tsibiran Tonga ta fito, can kudancin tekun Fasifik. A shekarar 1777, a tafiyarsa ta uku kuma ta ƙarshe, Kyaftin James Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya yada zango a Tonga fiye da wata biyu da jiragensa guda biyu. Ya rubuta a kundin tafiyarsa cewa wata rana an kawo abinci, amma baƙinsa mutanen tsibirin ba wanda ya zauna, ba wanda ya sa ko loma a baki. Da ya nuna mamaki sai suka ce masa su duka "tapu" ne. Ya ƙara da cewa kalmar tana da faɗin ma'ana, amma galibi tana nufin an hana abu. An kashe Cook a Hawai a watan Fabrairun 1779, aka buga labarin tafiyar a 1784, daga nan kalmar ta shiga bakin masu karatu a Ingila. Harafin "p" na mutanen Tonga ba ya fita da iska mai ƙarfi, shi ya sa kunnen Bature ya ji shi kamar "b". Turawa suka kuma mayar da nauyin furuci kan gaɓar ƙarshe, alhali masu harshen a gaɓar farko suke ɗora shi.

A lura da wurin da Cook ya fara jin kalmar: gaban akushi. Tapu a gidansu ya fi shafar hannu da kai da abinci da ƙasa. William Mariner, wani saurayi ɗan Ingila da ya tsira lokacin da aka kame jirginsu a 1806 ya zauna a Tonga shekara 4, ya bar bayani dalla-dalla. Talakan da ya taɓa gawar basarake hannunsa ya zama tapu har wata 10, ba zai ɗauki abinci da hannun ba, sai dai wani ya ba shi a baki, in kuwa babu mai ba shi ya durƙusa ya ɗauka da bakinsa. In mai taɓawar shi ma basarake ne, wa'adin ya ragu zuwa wata 3 ko 4 ko 5, gwargwadon girman mamacin. Wanda ya taɓa jikin babban basarake mai rai ko kayansa, akwai hanyar warwarewa: ya je ya shafi tafin ƙafar basarake da hannuwansa, sannan ya wanke su da ruwa. Bayan babban biki da ya cinye dabbobi da amfanin gona, sai a ɗora tapu kan aladu da kaji da kwakwa na tsawon watanni har su sake yawa, sannan a yi taro a ɗage. Wannan doka ce mai maigida. An san wanda ya kafa ta, an san kan wa ta hau, an san ranar ƙarewarta, an san ƙofar fita.

Ƙofar fitar ma tana da suna. Mutanen Maori na Niyuzilan suna kiran kishiyar tapu "noa", wato abin da ya koma na kowa, ba takunkumi a kansa. Ruwa da dafaffen abinci su ne ke mayar da mutum noa, shi ya sa har yau za ka ga famfo ko kwanon ruwa a ƙofar maƙabartarsu, mai fitowa ya wanke hannu ya yayyafa wa kansa. Suna da wani reshe da suke kira "rahui": in wani ya nutse a teku, ko kifi ya yi ƙaranci, dattawan yankin su hana kamun kifi a wurin na wani lokaci. Da dutsen Whakaari ya yi aman wuta a Disambar 2019 ya kashe mutane, rahui aka sa a gaɓar tekun. Wanda ya san yadda ake rufe kogin Matan Fada a Argungu har sai ranar bikin kamun kifi ta zo, ya riga ya fahimci abin.

Ɗaya ɓangaren da Turanci ya yar shi ne tsarki. Babban tsibirin ƙasar Tonga sunansa Tongatapu, Tonga mai alfarma. Littafi Mai Tsarki na Kiristocin ƙasar sunansa "Tohi Tapu". Abin da aka keɓe saboda girmansa da abin da aka hana saboda haɗarinsa, kalma ɗaya ce ke riƙe da su. Wannan gini ba baƙo ba ne a kunnenmu. Saiwar Larabci da ta ba mu haram ita ta ba mu Harami na Makka, da haramar mai aikin Hajji, da muharrami, da alfarma, da hurumi. Ba ina daidaita addinin mutanen Fasifik na dā da Musulunci ba, Allah ya kiyaye. Ginin kalma nake nunawa. Hurumin gari fili ne da aka keɓe, ba mai noma shi, ba mai gini a ciki. In da za a tambaye ni kalmar Hausa mafi kusa da tapu na asali, hurumi zan ce, kuma babu mai fassarar da zai iya amfani da ita a rahoton lafiya na yau, domin kalmar Turancin ta yi nisa da gida.

Kada a ɗauka tsarin nan duk alheri ne. A Hawai, inda ake furta kalmar "kapu", maza da mata ba sa ci tare, an hana mata naman alade da kwakwa da yawancin nau'in ayaba da wasu kifaye, kuma talakan da inuwarsa ta faɗa kan babban sarki zai iya rasa ransa. Abin koyi shi ne yadda aka kawo ƙarshensa. Sarki Kamehameha na Ɗaya ya rasu a watan Mayun 1819. A Nuwamban shekarar, ɗansa Liholiho, da tunzurawar mahaifiyarsa Keopuolani da matar ubansa Kaahumanu, ya zauna a bainar jama'a ya ci abinci da mata. Aka ba da umarnin rushe wuraren bauta. Ɗan'uwansa Kekuaokalani ya ƙi yarda, aka gwabza a Kuamoo a Disamba, aka kashe shi. Masu wa'azin Kirista daga Amurka ba su iso ba sai 1820. Masu gidan ne suka ɗage dokar, da hannun wanda yake da ikon ɗage ta, a gaban waɗanda ta hau kansu. Yau a Hawai in ka ga allo an rubuta "kapu", ma'anarsa ba shiga.

Akwai inda tapu ya taɓa harshe, gaskiya ne. A Tahiti, in sarki ya ɗauki suna, kalmomin da ke cikin sunan sukan fita daga bakin talakawa. Sarki Pomare sunansa na nufin tarin dare, sai aka canza wa dare da tari suna. Amma wannan reshe ne guda cikin rassa masu yawa. A Ingila ne reshen ya zama uwar bishiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ingila ta ƙarni na 19 ba ta da basaraken da za a shafi tafin ƙafarsa, ba ta da kwakwar da za a hana ci. Abin da take da shi shi ne ladabin falo, inda har wando sai da aka yi masa laƙabin "abin da ba a ambata". Kalmar ta sami wurin zama a nan: batun da mai mutunci ba ya tayarwa a gaban baƙi. Daga ɗaya gefen kuma masana suka ɗauke ta suka mai da ita tambarin duk wani hani na al'ummun da suke kira marasa wayewa. James Frazer ya rubuta dogon bayani a kanta a babban kundin sani na Birtaniya a 1888, ya tattaro misalai daga nahiyoyi daban-daban ya zuba a tukunya ɗaya. A 1913 Sigmund Freud ya kwatanta ta da ciwon waswasi, wato tsoron da mai shi ba zai iya kawo masa dalili ba. Franz Steiner, wanda ya koyar a Oxford aka buga laccocinsa a 1956 bayan rasuwarsa, ya nuna cewa an haɗa abubuwan da ba su da dangantaka ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Gyaran nasa ya tsaya a jami'a. A bakin ɗan jarida, kalmar ta ci gaba da ɗaukar warinta: shiru marar dalili, na mutanen da ke baya, wanda maganinsa kawai a fasa shi.

Abin takaicin shi ne Turancin kansa yana da kayan aikin rarrabewa. Yana da "tacit", daga kalmar Latin mai nufin yin shiru, don abin da ba a faɗa ba saboda an riga an fahimci juna. Mu ne muka ce shiru ma magana ce. Yana da "euphemism", daga Girkanci, kyakkyawan furuci, don abin da muke kira sakaya zance. Kuma kakannin Turawan sun san shirun tsoro. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa tsakanin masana harshe shi ne sunan dabbar nan "bear" asalinsa laƙabi ne mai nufin mai launin ƙasa-ƙasa, domin mafarauta sun guji sunanta na gaskiya kada su kira ta, har sunan ya ɓace. Rashawa suka ce mata mai cin zuma. Bahaushen da ke ce wa maciji igiyar ƙasa da dare, ya ce wa aljanu mutanen ɓoye, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To, in rahoto ya zo da kalmar nan a kanmu, aikin mai fassara shi ne ya mayar mata da tambayoyin da ta zubar a hanya. Wa ya hana? Aiki aka hana ko ambato? A gaban wa? Me ake tsoron zai faru? Amsoshin su za su zaɓi kalmar Hausa, kuma su za su nuna ko shirun na buƙatar magani.

Ɗauki matar da ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari ko na surukanta. Wannan alkunya ce, girmamawa ce, ita ce ta haifa mana Abba da Ummi da Baffa da Maisuna a gidajen da aka yi wa yaro takwara da kakansa. Ba ta cutar da kowa, ba kuma abin fasawa ba ce. Inda take kawo cikas shi ne teburin rajista: ma'aikacin asibiti ko na ƙidaya ya tambayi sunan miji, mata ta sunkuyar da kai, ya tsananta, a tashi da sunan laƙabi a kati wanda bai dace da na katin shaida ba. Wata uwar ma in aka ce 'ya'yanta nawa takan tsallake na farin. Gyaran ƙarami ne. A tambayi 'yar rakiya, ko a miƙa mata takarda ta rubuta, ko a karanta sunan ta gyaɗa kai, sannan a tambayi haihuwar fari a keɓe.

Zubar da dakashi, nonon farko mai kauri da ke fitowa bayan haihuwa, wani abu ne daban. Ba a jin kunyar zancensa. Kakanni da ungozoma suna faɗinsa da babbar murya, sun yi imani yana cutar da jariri. Camfi ne, kamar hana yaro ƙwai don kada ya yi sata. Maganin camfi hujja ce a bakin wanda aka yarda da shi: dakashi na ɗauke da garkuwar da jariri ke buƙata, a sa shi a nono cikin sa'ar farko, a ci gaba da nono zalla wata 6. Wanda ya rubuta cewa a "fasa shiru" a nan ya ɓata tawadarsa, domin babu shirun.

Mafi haɗarin kuskure shi ne fassara kalmar da haramun. Haram hukunci ne na shari'a, yana da nassi, yana da malaman da ke da hurumin faɗinsa. In rahoto ya ce tazarar haihuwa taboo ce, mai fassara ya ce haramun ce, ya sa fatawa a bakin takardar da ba ta yi niyyar bayarwa ba. In kuma ya juya kiran da ake yi na a fasa taboo ya ce a karya haramci, mai sauraro a Kano ko Zinder zai ji ana gayyatarsa ya saɓa wa Allah, ya kashe rediyon, kuma da gaskiyarsa. Zancen haila ya isa misali. Yarinyar Islamiyya tana karanta hukuncinta a Ahalari da Ishmawi, malami yana bayanin kwanakinta da wankanta a gaban aji. Addini bai rufe bakin kowa a kai ba. Inda shirun yake shi ne tsakanin 'ya da uba, lokacin da take buƙatar kuɗin audugar mata ba ta san yadda za ta nema ba. Wanda ya gane haka zai bi ta wajen uwa da gwaggo da malamar makaranta, ya kuma yi wa iyaye maza magana a majalisarsu.

Za a ce mini me zai hana mu ari kalmar kawai, yadda muka ari asibiti da mota, mu huta. Ana aron abin da babu ne. Muna da alkunya da kawaici da kara da camfi da haram da sirri da rufin asiri, kowacce da gefenta mai kaifi, sai mu ba da su duka mu karɓi wuƙa ɗaya dakusasshiya? Ga shi kuma a rediyo ba a jin bambancin "tabu" da "taɓu" sosai, sai shirin lafiyar ƙwaƙwalwa ya wayi gari yana zagin masu saurarensa. Za a kuma ce wannan rarrabewa tawa mafaka ce ga masu son a ci gaba da yin gum. Ni akasin haka nake gani. Kalmar da ta haɗa alkunyar amarya da shirun da ake yi kan fyaɗe, rigar mutunci take ara wa na biyun, ta mai da shi "al'ada".

Matar da ke fama da yoyon fitsari kunya ce ta rufe mata baki, da gudun da mutane ke yi mata saboda wari. Ciwon galibi daga doguwar naƙuda yake: kan jariri ya tokare, ya matse naman da ke tsakanin mafitsara da farji har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Ana ɗinke shi da tiyata, kuma akwai cibiyoyin aikin a Babbar Ruga ta Katsina, da asibitin Murtala na Kano, da Danja kusa da Maraɗi. Abin da take buƙatar ji shi ne ciwo ne, ba asiri aka yi mata ba, ga inda ake gyarawa. Ana iya faɗin wannan duka a sakaye, da harshen da surukarta za ta saurara ba ta tashi daga tabarma ba.

Shirun fyaɗe kuwa sunansa tsoro, kuma sau da yawa rufin asirin da ake cewa ana yi wa yarinya, mai laifin ake yi wa. Tsoron a rasa mai aurenta, tsoron mai laifin yana da kuɗi ko ɗan gida ne, tsoron a kai ƙara a dawo da kunya. A nan karin maganar a bar kaza cikin gashinta ba ta da wurin zama, domin kowace sa'a tana da farashi. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan irin wannan ta'asa sai an fara shan sa cikin sa'a 72, ana kuma sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ba ya wuce kwana 5, kuma ƙarfinsa na raguwa kullum. Wanka da wanke tufafi kafin likita ya duba suna goge shaidar da kotu za ta nema; tufafin a ajiye su a takarda, kada a ƙulle a leda, domin laima na lalata abin da ke jiki. Iyalin da suka kwana uku suna shawarar ko a faɗa ko a bari, sun cinye wa'adin maganin farko kafin su kai ƙofar asibiti. Mai fassarar da ya tarar da jimlar da ke cewa fyaɗe taboo ne, abin da ya kamata ya rubuta shi ne: iyalai da yawa suna ɓoyewa saboda tsoron gori da tsoron mai laifin, kuma a kai yarinya asibiti tun ranar.